Yadda Na Raba Kakanku da Makullin Asansar

Sadiya, ke kika jawo wannan babi, don haka ke za ki fara karanta shi, sannan ki miƙa wa ƙannenki. Da kika dawo daga bikin nan na Djougou kin zauna a bakin gadona kina ta kame-kame, har na ce miki in magana ce ki fito da ita. Sai kika ce kaka Ramatu ta faɗa a gaban mata cewa ubanku ya je Kwatano ya samo takarda, ya dawo ya kori surukinsa daga aikin da surukin ya koya masa, baƙin ciki ya kashe tsohon. Kika tambaye ni ko gaskiya ne. Na ce ki je ki ɗora mini ruwan shayi. Ba raina tambayarki na yi ba, amsar ce ta fi ƙarfin zama ɗaya. Ramatu ba ta yi ƙarya duka ba, ba ta kuma faɗi gaskiya duka ba, ita dai tun tana da haƙora haka take ba da labari. Mahaifiyarku Hajara ta roƙe ni kada in ta da zancen nan tana raye, na kuwa cika mata alkawari. Yanzu Allah ya karɓi abarsa, ni ma gwiwoyina sun fara yi mini gardama, gara in rubuta da hannuna tun ina iya riƙe biro.

Kakanku Baba Mumuni, yayan Ramatu, ɗan gidan goro ne kamar ni. Kakanninmu fatake ne da suka yada zango a Djougou suka manta da tashi. A gidansu kowa goro ya sani, a jiƙa ganye, a tsince ruɓaɓɓe, a ɗaure huhu, shi kaɗai ya fita daban. Yana saurayi ya bi motar goro zuwa Abijan, maimakon ya dawo da kaya sai ya maƙale wurin wasu Turawa masu haɗa asansar, akwatin nan da ke hawa da sauka da mutane a dogayen gidaje, wanda 'yan Najeriya ke ce wa lifta. Da ya dawo ya zauna a Zongon Parakou, asansar biyu na sani a garin. Na wani otal ya mutu tun kafin in zo, aka mai da shi wurin ajiye tsintsiya. Saura na wani asibitin kuɗi mai hawa uku, kuma shi ne duk duniyar Baba. Injin yana can saman rufi cikin wani ɗan ɗaki mai ƙofar ƙarfe, makullin kwaɗon kuwa yana rataye a wuyan Baba da igiyar fata, da shi yake salla, da shi yake wanka. Boko bai san ko bihim ba. Amma sai ya kafa bakin turnabis, wato sukundireba, a jikin inji, ya sa ƙotar a kunne, ya lumshe ido, ya faɗa maka abin da zai lalace wata mai zuwa. Likitoci da fararen rigunansu su ke fara gaishe shi.

Ni an kawo ni wurinsa ne bayan na gudu daga makaranta a aji na tsakiya. Shekara bakwai ina ɗaukar masa jaka, ina cin tuwon gidansa, ina shan ranƙwashi. A lokacin patro nake ce masa, kamar yadda kowane ɗan koyo ke ce wa mai gidansa, kuma da na fara ganewa har musu muke yi. In ce masa, Patro, wannan waya ba nan take ba, ya ce mini ɗan banza, sannan ya duba ya gyara. Abin da ya ɓata wannan zama shi ne alherin da ya yi mini. Ya lura da yadda nake daɗewa wajen mayar da kwano in Hajara ce ta kawo abinci, sai ya ba ni ita. Ranar da aka ɗaura aure patro ya tafi, Baba ya zo. Na daina cin abinci a gabansa, na daina kallon fuskarsa, tun daga zaure nake tuɓe takalmi. Ku 'yan yanzu da kuke kiran surukanku a waya kuna dariya ba za ku gane ba. A wurinmu ba a ce wa suruki ya yi kuskure, ko da kana ganin ya nufi rijiya sai dai ka yi tari. Muna aiki tare kullum, amma daga ranar nan ban ƙara yi masa musu ba.

Shekarar da nake son ba ku labarinta, ke Sadiya kina goye. Masu asibitin suka ƙulla yarjejeniya da wani kamfani na Kwatano da zai riƙa kawo kayan gyara, kamfanin kuma ya kafa sharaɗi: duk mai taɓa asansar ɗin sai yana da takardar shaida, wadda ake samu bayan kwas da jarrabawa. Aka ba mu wa'adi zuwa ƙarshen damina. Ni na karanta wa Baba wasiƙar a tsakar gida, yana zaune a kan buzu yana ɓare goro. Da na gama ya daɗe yana tauna.

"Idi, kai ka yi lakwal, ka san boko, kana jin Faransanci. Za ka tafi Kwatano ka ɗauko muna takardar nan."

"Baba, ai ni da kai za mu."

"Ni? In zauna bisa benci da furfurata, ɗan cikina ya tambaye ni mene ne fizibil, 'yar wayar da ke ƙonewa in wuta ta yi yawa? Tafi kai. Takarda taka, aiki namu. Wala, magana ta ƙare."

Kafin a karɓe ka a kwas ɗin sai ka kawo shaidar cewa mai gidanka ya yaye ka. Wannan yaye, da muke ce wa liberasiyo, an daina yin sa yadda muka sani, don haka bari in faɗa muku. Ɗan koyo zai sa fararen kaya ya durƙusa a gaban masu sana'a, mai gida ya lissafa laifuffukansa tun daga ranar farko, ya yi masa bulalar ƙarshe a tafin hannu, wadda bayanta ba shi da ikon sake dukansa har abada. Sai ya wanke masa hannuwan da ruwa, ya ba shi kayan aiki, ya sa albarka. Baba ya tara masu gyaran wuta na Zongo da na Guéma, Hajara ta daka sakwara har kafaɗarta ta riƙe. Da ya zo kan laifuffukana ya tuna har da ranar da na ci masa wagashi, cukun nan na Fulani, na ce ɓera ne, jama'a suka yi ta dariya. Bulalar kuwa sau uku ya ɗora mini ita kamar mai korar ƙuda. Da aka kawo takardar da zai dangwala hannu, na nuna masa gurbin da yatsa, sai ya dangwala can gefe a kan rubutu. Na ɗauka zumuɗi ne. Aka sake rubuta wata, Hajara ta matso da sauri ta kama hannunsa ta ɗora a wurin, tana wasa da shi cewa tsufa ya zo. Ban kawo komai a raina ba.

Wata biyar na yi a Kwatano, a ɗakin wani mahauci ɗan garinmu, ina kwana cikin gumi ina tashi cikin gumi. A aji ni ne babba, yaran suna ce mini Papa, in na karanta Faransanci da bakina na arewa su riƙa taɓa juna. Makonnin farko na sha wuya ƙwarai. Duk abin da aka zana a allo hannuna ya san shi, amma ban san sunansa ba, kamar mutumin da ya daɗe yana gaisawa da maƙwabta bai taɓa tambayar sunayensu ba. Abu guda malaminmu ya yi ta nanatawa har muka gaji. Kowace ƙofar asansar tana da wani ɗan ƙarfe da ke shaida wa inji cewa ta kulle, in bai shaida ba inji ba zai motsa ba. Mai gyara yana iya ɗora 'yar waya ya tsallake wannan ƙarfe don ya gwada wani abu, muna ce mata gada. Amma wanda ya bar gada ya tafi gida, ya bar rami buɗe ga duk wanda ya jingina da ƙofa. Kuma akwai karne, littafin da ke ɗakin inji, duk wanda ya sa hannu a ciki ya ɗauki alhakin ran duk mai shiga akwatin.

Ranar jarrabawar hannu sun ɓoye lahani a cikin wani inji suka ba mu rabin awa. Yaran suka buɗe takardun zane suna bin layi. Ni da na ga zanen yana juya mini kai, sai na zaro turnabis na kafa a kunne. Mai jarrabawar ya tuntsire da dariya ya ce ko waya nake bugawa. Kafin ya gama dariyar na nuna masa wurin. Ya tambaye ni wa ya koya mini haka, na ce Mumuni na Parakou, ya ɗaga kafaɗa don bai taɓa jin sunan ba. Wannan ɗaga kafaɗa ta ɓata mini rai fiye da duk dariyar da aka yi mini. Na ci jarrabawa, aka ba ni kati mai hotona da tambari. A jirgin ƙasa na dawowa ina ta ciro shi ina dubawa, har wata tsohuwa mai lemo ta tambaye ni ko hoton amarya ne.

Baba ya yanka mini zakara. Da na miƙa masa katin bai kai shi gaban ido ba, shafa shi ya yi ta yi da babban yatsa, gaba da baya, yana cewa alhamdulillahi. Kwana uku da dawowata ina hawa na biyu a asibitin, sai wata mai goge daɓe ta ajiye bokitinta ta jingina da ƙofar asansar don ta gyara ɗaurin zane. Ƙofar ta zame. Akwatin yana can sama, bayan matar babu komai sai rami. Allah ya sa ta cafke bakin bango, bokitin ne ya tafi, na ji yana bugun ƙarafa har ƙasa. Matar ta zauna daɓas tana salati da harshenta na Baatonum. Ni kuwa na kashe wuta na buɗe kan ƙofar. Maƙallin, ɗan ƙarfen nan, ya goce, aikin minti goma ne ga mai gani, amma maimakon a daidaita shi an ɗora gada. Na hau ɗakin inji na buɗe akwatin wayoyi, nan na ga abin da ya fi gadar tayar mini da hankali. Kowace waya an ɗaura mata zare, wata ƙulli ɗaya, wata biyu, wata uku. Jajaye duka ƙulli ɗaya ne, shuɗɗa duka biyu. Mai gani ba ya bukatar ƙulli don ya san ja. Kuma na san hannun da ya yi ƙullin, don irinsa ake ɗaure mini bakin ƙunshin guzuri.

Na iske Hajara tana tankaɗe bayan la'asar. Na ajiye zaren a kan faifanta. Ta dube shi, ta ci gaba da tankaɗe.

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu ke nan, Malam. Likita ya ce ciwon idon ba irin wanda ake kankarewa ba ne. Daga gefe yake cinyewa. Yanzu kamar ta cikin kara yake gani."

"Shekara biyu! Ina kwana ɗaki guda da ke?"

"Ya sa ni rantsuwa. Da kana nan kai ne idonshi, kai ke taɓa wayoyin bai ce komi ba. Da ka tafi ni ke bin shi ran lahadi, in faɗa mishi launi, in ɗaura."

Na gaya mata zancen matar da bokiti. Ta rufe fuska da gefen zane ta yi kuka mara sauti, ke Sadiya kina bayanta kina jan ɗankwalinta. Da ta lafa sai ta ce:

"Ka yi aikin duka, ban hana ka ba. Amma ka bar mishi makullin nan a wuya. In ka cire shi, me ya rage?"

Na yarda, Allah ya sani na gwada. Na cire gadar na gyara maƙalli, na ce wa Bio, mai gadin asibitin, ko me ya faru ni zai nema. Amma shekaru nawa mutane suna kiran Baba, baki ya riga ya saba. Bayan mako biyu ina wani aikin wuta a unguwar Ganou asansar ya tsaya da majinyaci a ciki, wata ma'aikaciya ta tura mai babur Zongo. Kafin in iso Baba ya zo ya fitar da mutumin, ya tayar da inji, ya tafi ana sa masa albarka. Na hau na duba, na sami sabuwar gada, wannan karon a ƙofar hawa na uku. Na zauna a gaban karne da biro a hannu na kasa sa sunana. Ranar na san makullin nan dole ya bar wuyansa, kuma har yau da nake rubutun nan ban canza ra'ayi ba. Da na bar shi, da wata rana ba bokiti za mu tsinto a ramin ba.

Saura faɗa masa. Sau uku ina zuwa gidansa da niyya. In tuɓe takalmi, in durƙusa nesa da buzu, in gaishe shi, ya amsa, ya miƙo mini goro. In buɗe baki sai in ji ina tambayar ko an yi ruwa a Djougou. Ta ina zan fara? In ce wa mutumin da ya ciyar da ni, ya ba ni sana'a, ya ba ni 'yarsa, kai makaho ne, ka kusa kashe mutum? Na roƙi Hajara ta faɗa masa, ta ce ta gwammace a yanke mata harshe. Na je wurin amininsa Alhaji Sule, mai sayar da shanu a kara, ya saurare ni har ƙarshe, ya ce shi dai ranar nan zai tafi kasuwar daji, in ya dawo a ga abin da Allah zai yi. Ya daɗe bai dawo ba. Kowa yana jin nauyin tsohon, ni kuwa na fi kowa. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni sai na nemi hanyar da zan yi wankan da rigata.

Ga abin da na yi, kuma nan ne laifina yake, ba inda Ramatu take nunawa ba. Ranar lahadi da rana na sayi sabon kwaɗo na canza na ɗakin inji. Baba yana zuwa kowace litinin da safe ya sa wa inji mai. Dabarata ita ce in riga shi zuwa, in tare shi a bakin ƙofa, tunda an riga an canza kwaɗo dole bakina ya buɗe. Na kuwa riga shi. Ina saman rufi, mata masu wankin zannuwan asibiti suna shanya, sai na ji takunsa a matakala, Bio yana biye da shi yana ta zuba surutu don ya rasa yadda zai tsayar da shi. Da na hango farar hularsa, hannunsa ɗaya yana bin bango, jaka a ɗayan, sai zuciyata ta karye. Ni, magidanci mai 'ya, mai kati da tambari, na laɓe a bayan tankin ruwa.

Ya ajiye jaka ya yi bisimilla, ya sunkuya ya sa makulli. Ya ƙi shiga. Ya juya shi ya sake sawa. Ya ciro, ya goge shi da bakin riga a hankali, ya hura ramin kwaɗon, ya sake gwadawa. Matan suka daina magana, ba ka jin komai sai ɗigar ruwa daga zannuwa. Ya daɗe yana goge makullin nan, ya daɗe ƙwarai. Can wata daga cikinsu ta kasa daurewa.

"Baba, an canza shi ne."

"Wa ya canza?"

Ya sake tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa. Bio ya sosa ƙeya.

"Ƙaramin patro ne, Baba."

Ya kama kwaɗon ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya ja shi sau biyu.

"To, madalla. Mai kyau ne ya saya."

Ya ɗauki jakarsa ya juya, Bio ya miƙa hannu zai riƙe shi ya ce a'a. Ina jin takunsa yana sauka ɗaya bayan ɗaya har ya ɓace. Ban fito daga bayan tankin ba sai da matan suka kwashe bahonsu.

Kwana biyu bayan haka ya aiko wa Hajara da tsohon makullin a ƙunshe cikin ganyen goro, babu saƙo. Ran juma'a ya hau mota ya koma Djougou, gidan da ya bari tun yana saurayi, Ramatu ta share masa ɗakin zaure. Bai gaya wa kowa dalili ba, shi ya sa kowa ya samo nasa. Mahaifiyarku ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Ta ci gaba da dafa mini abinci tana kawo mini ruwan alwala, amma wata uku ba ta zauna inda nake zaune ba. Aiki kuwa ya buɗe mini. Daga wannan kati aka fara kirana garuruwa, da shi na gina gidan nan na Guéma, da shi kuka yi karatu. Duk lomar da kuka ci ta bi ta ƙofar nan mai kwaɗo, gara ku sani.

Shekara huɗu ya yi a Djougou, kowace salla ina zuwa gaishe shi. Yana karɓata da kyau, ya tambayi yara, ya tambayi hanya, asansar kuwa ko sau ɗaya bai ambata ba, ni ma ban ambata ba. Zuwana na ƙarshe da damina ne, aka aiko cewa jikinsa ya yi nauyi. Na same shi a zaure, idon ya tafi gaba ɗaya, ya rame, an jingina shi da buhunan ganye. Ramatu ta ajiye mini ruwa da ƙarfi har ya fantsama, ta fita. Muka rage mu biyu. Sai na ji bakina ya buɗe da kansa, bayan shekara huɗu da ba shi da sauran amfani. Na faɗa masa zancen bokiti, da gada, da zare, da zuwana uku gidansa. Ina magana ina kuka kamar ba namiji ba. Ya bar ni har na ƙare.

"Na san kana bayan tanki, Idi."

Ya gyara zama ya ci gaba.

"Tun sawa ta farko na gane an canza. Shekara nawa ina taɓa ƙarfe? Na tsaya ina goge makulli ne ina jiranka ka fito."

Ya yi tari, na miƙa masa ruwa, ya kau da kai.

"Kana tsammani ban san abin da nike yi ba? Duk gadar da na ɗora sai in kwana ina jin wani ya faɗi. Na kasa ajiyewa da kaina, kowa kuma yana jin kunyata. Na ce bari in aika yaron nan ya samo takarda, in ya dawo zai samu bakin da zai ce mini, Patro, ya isa. Da ka faɗa, da na cire makullin na rataya maka da hannuna, gaban mutane."

Na rarrafa na kama ƙafarsa.

"Baba, ka yafe mini."

Ya ɗaga kai kamar mai sauraron wani abu a waje.

"Hadari ne ke tasowa. Tashi ka kama hanya, kada motocin Parakou su ƙare."

Na tashi, don ba a yi wa suruki musu. Kwana tara bayan haka aka aiko da rasuwarsa, Allah ya haskaka kabarinsa, ya haɗa shi da 'yarsa a inda babu ciwon ido. Mahaifiyarku ta rayu tana cewa ya yafe, wai mutum ba ya damuwa da ruwa ya doki wanda yake fushi da shi. Ramatu ta ce bai yafe ba, kuma ita ce ta ji maganarsa ta ƙarshe. Ni na yi shekaru ina juya kalmomin nan, ban sani ba, kuma babu sauran wanda zan tambaya. In kun je Djougou kada ku yi wa tsohuwar gardama, ɗan'uwanta ta rasa. Ku dai nemi a nuna muku kabarinsa, ku yi masa addu'ar da ta dace, sannan ku roƙa mini abin da na roƙe shi.